Taɓaryar da Ba Mu Ga Saukarta Ba

Wata Alhamis ce bayan an cire gyaɗa, wajen ƙarfe bakwai, tsakanin magariba da isha'i, a gidanmu na Sandamu. Mu uku ne a gaban murhu: ni, ina ɗan shekara takwas, da yayata Hadiza, da Kaka, mahaifiyar babanmu. An sauke tuwo, tana soya mana gyaɗa a sauran garwashin, muciya na ajiye a gefenta.

"Maigida, matso," ta ce da ni, don haka take tsokanata. "Ga tatsuniya nan ta iso, kai kana can kana ƙirga gyaɗar mutane."

Tatsuniyar wata yarinya ce mai suna Ladi, wadda kura ta addabi awakinsu. Mazan garin sun sha bin kurar da sanduna, kullum tana tsere musu. Ladi ta ɗauki taɓarya ta laɓe a bayan turke. Kura ta shigo, ta shinshina, ta matso.

A nan Kaka ta ɗaga muciya sama, ta tsaya cak. Inuwarta ma ta tsaya a jikin katanga.

"Kaka, ki buga mana!" in ji Hadiza.

"Ke, wa ya aike ki? Ai kurar ba ta sa kai ba tukuna."

Muka jira har na ji gyaɗa na ƙonewa. Sai kawai "tim!" Muciya na ƙasa, mu kuma mun zabura. Ban taɓa ganin saukar muciyar nan ba, duk yawan ba mu labarin da ta yi. Kullum a sama nake ganinta, sai kuma a ƙasa. Kaka ta juya gyaɗarta, sannan ta ce kura ta mutu, Ladi ta tsira da awakinta saboda ta iya jira.

Na girma, na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, daga baya na koyi zane mai motsi irin na Japanawa, wanda ake yi da hannu. Ana fara tsara labarin a ƙananan hotuna. Sai a zana manyan matakan motsi, wato ɗagawa da saukewa, sannan a ɗora takarda kan takarda bisa gilashi mai fitila a ƙasa, a cike abin da ke tsakaninsu. Akwai kuma takardar da ake rubuta tsawon zaman kowane zane a allo.

Tatsuniyar Ladi na zaɓa, kuma da gaggawa, domin Kaka ta haura tamanin, idonta ya fara yana. Ina so ta gani tun tana iya gani. Bugun taɓarya kaɗai na yi masa zane arba'in da takwas, kowanne da tazara daidai da na gabansa. Na hau mota daga Daura na kai mata a waya.

Ta kara wayar kusa da hancinta, ta kalla har ƙarshe.

"Maigida, wannan yarinyar daka take yi?"

"Kura take bugu, Kaka."

"Allah ya kyauta. Da wannan lallaɓawar, ai kura ta cinye akuyar, ta sha ruwa, ta yi musu sallama."

Hadiza, wadda ta zo da 'ya'yanta, ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce wata biyu na yi ina zanen.

"To wata biyu ka yi kana nuna mini abin da ba a gani," in ji Kaka. "Miƙo mini muciya."

Ta ɗaga ta, ta tsaya. Na ƙirga a zuci, kamar yadda na saba ƙirga shiru a ɗakin watsa shiri: daƙiƙa huɗu. 'Ya'yan Hadiza suka daina motsi. Tim!

A hanyar komawa na gane cewa abin da malamaina suka yi ta faɗa mini ke nan, ina ji ba na saurara. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar na Ladi ne kaɗai, ashe har da mai ba da ita. Na zare yawancin takardun. Na bar Ladi a zane ɗaya, taɓarya a sama, daƙiƙa huɗu, ba abin da ke motsi sai kunnen kura. Saukar taɓaryar zane biyu ne, na ja su suka yi tsawo kamar an shafe da hannu, da layuka a bayansu. Wurin haɗuwar taɓarya da kura na yi shi baƙi da fari, walƙiya ɗaya. Sannan shiru, ƙura na sauka a hankali. Zane goma sha ɗaya suka rage.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na mayar mata. Da taɓaryar ta sauka, Kaka ta zabura, wayar ta faɗi a cinyarta.

"Ɗan nema! Ka tsorata tsohuwa." Ta lalubo ta ta miƙo mini. "Maido shi baya."

Sau biyar ta kalla a ranar. Kafin damina ta zagayo, idon ya rufe gaba ɗaya.