Dukhan da Karan Auduga

Ina 'yar shekara goma sha huɗu na tsani fuskata. Ba hanci ba, ba ido ba, zanen Gobirawan da kakata ta sa wanzami ya yi min tun ina jaririya, daga gefen baki har kunne. A ƙauyenmu na Jazira ba mai kallonsa sau biyu. Amma ranar kasuwar Kamlin, kafin in buɗe baki 'yan matan gari sun san daga inda kakannina suka fito, alhali Larabcina bai gaza nasu ba. Abin ya yi ta cin raina.

Sai na ji matan aure suna yabon dukhan, wato zama kan ramin hayaƙi a lulluɓe da bargo. Wai yana sa fata ta yi sumul, tsohuwa ta koma yarinya. Na ce abin da ke goge tamojin tsufa ai zane ba zai gagare shi ba. Itacen ɗalih mai ƙamshi suke sawa, budurwa kuwa ba ta isa ta roƙa ba. Karan auduga dai ga shi tuli a gona, an tumbuke ana jiran ƙonewa. Ni a wautata, hayaƙi hayaƙi ne.

Da hantsi na haƙa rami a bayan ɗaki, na hura wuta, na rufa da bargo, na kifa fuskata a kai. Tarin da nake yi ne ya kawo kakata. Ta fizge bargon, ta dubi idanuna jawur, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da na faɗa mata dalili sai dariyar ta tsaya.

Ta kama yatsana ta ɗora a kumatunta. "Laluba, ɗiyata. Kin ji shi? Ni ma da ƙyar nika samu nai. Shi kaɗai na taho da shi daga wurin uwata. Ki yi haƙuri, tsufa za shi goge miki kyauta."

Gaskiya ban yarda da ita ba a ranar.

Yau ga shi ni ma na tsufa, zanen ya dushe. Bara jikata ta kawo min man shafawa daga Damazin, wai yana miƙar da fata. Ta zaci zan ƙi. "Habboba, za ki koma yarinya," in ji ta, don haka ake kiran kaka a nan. Kullum da safe nake shafawa, ban gaya mata dalili ba. Sai in tsaya gaban madubi ina laluben kumatuna, ko zanen zai sake fitowa.