Tarwadar Baban Auta

Masu fasa tsofaffin batura sun saki ruwan batir a magudanar bayan unguwa, ruwan sama ya kwaso shi ya juye a tafkunan kifin Baban Auta. Cikin kwana biyu kifin tafki uku suka mutu, saura tafki ɗaya.

Mutumin nan shekara ashirin ya yi yana gadin wani sito kafin ya haƙa ramin farko a bayan gidansa ya zuba 'ya'yan tarwada. Bai yi karatun kifi ba, amma halin ruwa kam ya san shi. Kullum da safe sai ya ɗebo rabin kwalba, ya jefa gutsuren sabulu ya girgiza. In kumfa ta cika kwalbar, sai ya ce ruwan ya yi sakayau, ba shi da ƙashi, ɗan tsami kaɗan zai kayar da shi. Maganinsa ɓawon ƙwai. Yakan bi masu suyar ƙwai na bakin titi da buhu, ya wanke ɓawon, ya shanya, ya daka a turmin matarsa, ya ƙulle a tsumma ya rataya cikin tafki. Matar takan ce ita mai gadi ta aura, ta wayi gari da mai tsintar bola. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganin ta ture kwanon romo ba.

'Yarsa Auta ta kawo masa 'yan takardun gwaji masu sauya launi in ruwa ya yi tsami. Ya karɓa ya ajiye a taga don kar ta ji haushi.

Cikin kifin akwai wata tsohuwar tarwada da yake kira Gwaggo, tsawon hannunsa, shekara bakwai tana ba shi ƙwai.

Ranar da abin ya faru, ruwa na ɗaukewa ya fito ya tarar da kifi sun taso sama suna haki, jiki duk yauƙi, fata tana saɓulewa. Auta ta tsoma takarda, ta fito ja wur. Ya juye ɓawon da ya daka na wata guda, ya ƙara farar ƙasa, ya yi ta jan ruwan rijiya har hannunsa ya ɗaye. Tsamin ya fi ƙarfinsa. Ya tsamo Gwaggo ya sa a bahon wanki, ta kai washegari, sannan ta juya ciki sama.

Ya je wurin masu baturan. Babbansu ya ce ruwa hanyarsa ya bi, wa ya aike shi kiwo kusa da magudana?

"Na riga ku zuwa da shekara tara," in ji Baban Auta. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya juyo gida.

Tafki na huɗu yana kan tudu, a ciki 'ya'yan Gwaggo na ƙarshe suke, ba su wuce ɗan yatsa ba. Nan yake wuni yana neman mai faɗin kai irin nata. Ita a tafin hannunsa take ci. Waɗannan, yana tsoma hannu sai su watse.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, taso ka ci abinci. Ba fa ita ba ce."

"Na sani. Ki dai bar ni in ga wadda ta gado ta."

Ya jera buhunan yashi a bakin tafkin, ba su wuce gwiwa ba. Da hadari ya haɗu sai ya kasa zama.

Ku masu batura, ku toshe bututun da ke kai gubarku magudana kafin ruwa na gaba. Ku haƙa rami a filinku, ku ɗaure shi da siminti, ku zuba gubarku a ciki. Wanda ya sa hannu ya ba ku izinin zama kuma, ya taso daga kujerarsa ya tsaya a kanku har ku gama.