Ranar da Inna Ta Tsinto Tauraro

Saura ƙiris in danna "babu komai" Inna ta leƙo ta kafaɗata.

Muna tsakar gida a Tudun Wada bayan la'asar, tana tsintar shinkafa a faifai, ni ina kan waya. Aikin sa-kai nake yi: masana taurari kan turo hotunan sama biyu, tsoho da sabo, mu duba ko wani abu ya canza. Ita dai kullum cewa take ɓarnar data ce.

"Ke, wannan ɗigon fa? Babu shi a hoton farko."

"Inna, datti ne a gilashin."

Ta kama bakin zaninta ta goge. Ɗigo yana nan daram.

"Tun kafin a haife ki nake raba tsakuwa da shinkafa. Ni za ki koya wa datti?"

Na tura rahoto.

Bayan sati biyu amsa ta zo. Sun bi haskensa, ya tashi cikin yini ɗaya, ya dusashe a 'yan kwanaki. Da haka suka gane irin wanda suke kira ƙaramar nova ne, kuma ba a taɓa ganin wannan ba. Taurari biyu ne manne da juna, ƙaramin yana zuƙar iskar ɗan'uwansa, in ta taru ta yi zafi sai haske ya ɓalle.

Da na yi mata bayani, cewa ta yi, "Ato, tukunya ce ta tafaso."

Yanzu da an yi la'asar sai ta miƙo min faifai, ta karɓi wayar.

Ku fa, wane gwani ne zaune a gidanku kuna ta yi masa musu?