Shamuwa Ta Dawo, Ba Mai Cewa Goro

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Iya Rakiya, Allah Ya jiƙanta da rahama. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, kowace shekara alƙalami ya gagare ni. Bana abu biyu ne suka haɗu suka tilasta mini. Na ji a rediyo ana cewa murar tsuntsaye ta sake ɓulla a wasu gonakin kaji, sannan kuma na taka ƙauyenmu karo na farko tun da muka gudo.

Ƙauyen namu ɗan ƙarami ne, tsakanin Birnin Gwari da dajin Kamuku. A tsakar gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya, kuma duk ƙarshen bazara shamuwa kan zo ta yi sheƙa a kanta. A wajenmu zuwan shamuwa shi ne sanarwar damina, gidan da ta zaɓa kuwa ana yi masa kallon mai albarka. Iya ta mayar da abin al'adar gida. Duk wanda ya fara hango shamuwa sai ya ruga ya ce mata, "Albishirinki, Iya." Ita kuma ta ce, "Goro." Goron nan ba goro ba ne, dafaffen ƙwan zabo ne. Har na gama makarantar horon malamai ban daina rige-rigen ƙwan nan da ƙannena ba.

Da kiwon tsuntsaye ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Kaji, zabi, agwagi, duk tana da su, kuma ta san halin kowace kamar ita ta haife ta. Agwagin kan fita da safe su nufi tafkin fadama, su yini can, su dawo da kansu kafin magariba. Da sanyi tafkin kan cika da agwagin daji, irin su kirinjijiya da dinya da wasu da ba mu ma san sunansu ba, namu su shiga cikinsu su yi ta iyo tare. Ba wanda ya taɓa ganin aibun hakan.

A wani sanyi ne abin ya faɗo. Zakara ya wayi gari da kumburarren kai, zankonsa ya yi baƙi, kafin azahar ya mutu. Washegari kaji suka riƙa faɗuwa a tsakar gida, ba a ko samun damar kai musu wuƙa. Daga gidanmu cutar ta tsallaka maƙwabta. Malaman dabbobi suka zo cikin fararen riguna da takunkumi, suka kashe ragowar tsuntsayen unguwa duka, masu ciwo da masu lafiya, suka binne a rami, suka yi feshi. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ranar nan na ga Iya ta juya fuskarta bango. Da aka tambayi malaman daga ina cutar ta fito, suka ce tsuntsayen daji ne ke ɗauko ta daga nesa, kuma takan iya kama mutum.

Kalmar nan ta tsuntsayen daji ita ta zauna a kunnen mutane. Agwagin tafki dai sun tashi sun yi gaba kafin bazara. Da shamuwa ta iso tsamiyarmu, sai unguwa ta ga tsuntsun dajin da hannu zai iya kaiwa. Mai unguwa ya zo da kansa, ya zauna a zaure, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce jama'a sun roƙi a kakkaɓe sheƙunan a sare bishiyar, don a gidan nan annoba ta fara. Iya ta tuna masa cewa ranar da kajinta suka mutu ko gashin shamuwa babu a garin. Ya ce shi dai saƙo aka ba shi. Sai ta ce:

"Mai unguwa, akwai ƙwai a sheƙunan nan. Baƙo raɓa ne. A bari su ƙyanƙyashe su tashi, ni da kaina zan kira mai gatari."

Ba a tilasta mata ba, amma an hukunta ta da abin da ya fi gatari ciwo. A unguwarmu kowace yamma ana musayar kwanon tuwo tsakanin gidaje. Daga ranar nan kwanukan Iya suka fara dawowa a rufe yadda suka fita. Wadda ta fara mayarwa ita ce Gwaggo Hansai, aminiyarta ta jikin katanga, wadda suka yi wankan jego tare. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Na ce wa Iya ta daina aikawa, ai ba bara muke yi ba. Ta ce in rufa mata baki, tsoro ne ke damunsu ba ƙiyayya ba, kuma wanda ya yi asarar kajinsa ta dalilin gidanka yana da hakkin ya yi maka fushi. Haka ta yi ta tuƙawa tana aikawa, ana dawo mata da shi, damina guda cur.

Da 'ya'yan shamuwa suka yi fiffike suka tafi, ta cika alkawari. Ta kira mai gatari, ta shige ɗaki har aka gama. Da yamma kwanon Gwaggo Hansai ya shigo gidanmu, Iya ta buɗe ta ci. Bazara ta gaba shamuwa ta zo ta yi ta kewaya sararin da tsamiyar take a da, ta sauka kan katanga, ta tashi, ba ta ƙara dawowa ba. Mun gan ta dukanmu, ba wanda ya iya yi wa Iya albishir.

Ba zan yi wa maƙwabtanmu ƙarya ba, tsoronsu yana da tushe. Daga baya wani malamin dabbobi ya bayyana mana cewa tsuntsayen ruwa masu ƙaura ne suka fi yawo da ƙwayar cutar, sau da yawa su kansu garau, suna barin ta a ruwa da kashinsu. Mai yiwuwa agwaginmu ne suka kwaso ta suka kawo gida. Iya ta ji, ta ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ta sake kiwo sai ta yi akurki mai rufi, ta hana agwagi zuwa tafki, ruwan rijiya kawai take ba su. Dabararta ita ce ka tsare naka, ka bar baƙo ya wuce, don shi ma bai san abin da ya ɗauko ba.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. A zamaninta tsoro na daji ne, kunya ta gida. Bayanta tsoron ya baro daji ya shigo har ɗaka, 'yan bindiga suka tashe mu, unguwa ta watse. Gwaggo Hansai ta biyo 'ya'yanta Kaduna. Na je gaishe ta, ta tsufa ƙwarai, take ba ni labarin yadda masu gidajen haya suka riƙa juya musu baya da zarar sun ji daga inda suka fito, wai kada su jawo wa unguwa masifa. Ta ce ta taɓa aika wa maƙwabciya ɗan wake aka dawo mata da shi. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, sai ranar na san abin da na yi wa Rakiya." Na ɗauka zan ji sanyi a raina in na ji wannan magana. Kuka muka yi mu biyu.

Iya ba ta bar gona ba, ba ta bar dukiya ba. Abin da ta bari shi ne ban iya mayar da kwanon kowa, kuma ban iya ɗora wa baƙo laifi don kawai shi ne a kusa.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi bana, na bi motar kasuwa na je. Rufin ɗakunan ya zube, ciyawa ta cinye akurkin, kututturen tsamiyar na nan. A kan bangon ɗakin Iya kuwa sai ga sheƙa, ga shamuwa tsaye a kai tana gyara kara, ba mai korar ta don ba kowa a unguwar. Ni kaɗai ce a gidan, ni na fara ganinta. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Albishirinki, Iya" ba. Na tsaya a tsakar gidan ina jira a ce goro.