Koren Ɗigo a Kusurwar Allo

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, tsakanin tela da mai sayar da tabarau. Teburi ɗaya ne a ciki, da firinta, da bencin masu jira, sai fankar da ke juya kai kamar mai cewa a'a. Nan Tafireta take aiki. Sunan ya manne mata tun tana buga takardu a ofishin wani lauya. Lauyan ya rufe ofis, keken rubutun ya yi tsatsa, suna ya zauna daram.

Abin da ake kawo mata bai canja ba: takardar neman aiki, yarjejeniyar haya, aikin ɗalibai mai rubutu kamar tsutsa ta bi ta kan tawada. Ba ta duban yatsunta in tana bugawa. Da yatsun nan ta raini yara biyu bayan rasuwar mijinta.

Kwamfutar kuwa babban ɗanta ne ya haɗa mata, wanda take kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon gida ya kasa mayarwa. Da zai tafi neman aiki wata ƙasa, ya saka mata wata manhaja, ya nuna mata wani koren ɗigo a kusurwar allo ta ƙasa.

"Umma, muddin wannan yana kunne, ko ina nake zan iya shigowa in gyara miki. Kada ki bari kowa ya taɓa shi."

Ranar da ya fara shigowa, tana zaune hannunta a cinya, sai ta ga kibiyar linzamin kwamfuta ta tashi ita kaɗai ta ratsa allo. Ta ture kujera ta ƙwalla ƙara, tela ya faɗo shagon da almakashi a hannu. Kibiya ta buɗe farin shafi, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: Umma, kin ci abinci kuwa? Ta koma ta zauna, ta buga masa cewa ba ta taɓa jin aljanin da ke tambayar abinci ba sai shi. Daga nan abin ya zama hirarsu. Babu ranar da aka tsayar. Yakan shigo ne kawai in ya samu intanet, ya share mata tarkace, ya tsokane ta, ya fita.

A wayarsu ta ƙarshe ya ce aikin ya ƙare, zai bi wasu abokai ta mota zuwa wani gari, lambarsa za ta canja. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Tsohuwar lambar a kashe take. Duk wanda aka tambaya da tasa maganar: wani ya gan shi a tasha, wani ya ji an tsare su a kan iyaka, wani ya sunkuyar da kai kawai. Ba a kawo mata labarin mutuwa ba, ba a kawo na rai ba. Koren ɗigon dai yana nan, kuma ko da rana ɗaya ba ta bari data ta ƙare mata ba.

Sai kwamfutar ta fara nauyi. A kunna ta, a share shago, a gaisa da maƙwabta, a dawo tana nan tana nishi. Ta buga layi guda, haruffan su iso daga baya kamar masu bin sawu. Tela ya ce, "Yaya, injin nan naki da hawainiya uwarsu ɗaya." Ɗalibai suka fara wucewa sabon shagon ƙetaren titi. Mai gyara na saman bene ya sha yi mata tayi, ita kuma kullum amsarta ɗaya: akwai mai kula da ita.

Ranar da aka ba ta a asibitin ido, 'yarta Auta ce ta ɗauki hutu daga kantin magani ta tsare shagon. An ɗiga wa Tafireta magani, duniya ta yi mata hazo, ta wuce gida ta kwanta. Washegari ta danna maɓalli, kafin ta rataye mayafi allo ya buɗe. Ta buga kalma, kalma ta fito tare da yatsa. Ta duba kusurwa. Babu kore.

Ta kira Auta a waya. "Wa ya taɓa min kwamfuta?"

"Ni na kira mai gyara, Umma. A gabana wani ya fizge takardunsa ya tafi."

"Kin ga abin da ya kashe?"

Ta wayar ana jin mai sayen magani yana kiran Auta. Ta ce, "Na gani. Ban hana shi ba. Umma, ni ma yayana ne."

Tafireta ta hau matakalar da ta daɗe ba ta hau ba, tana dafa bango. Mai gyara yana tsakiyar gawarwakin kwamfutoci, ya miƙe da murmushin mai jiran godiya.

"Mama, kin ga gudu ko? Ai 'yan zaman banza ne suka cika ta. Manhajoji ne da ke tashi da kansu suna aiki a bayan fage, ba kya ganinsu, su kuwa suna shan ƙarfinta. Kamar gidan da 'yan haya suka tashi suka bar fitilu da famfo a kunne. Akwai ta tsohuwar firintarki da ta mutu, har yanzu tana nemanta. Akwai masu gadin ƙwayar cuta guda biyu, kowa yana binciken ɗan'uwansa. Ni ƙa'idata, in kashe duk wanda ba na tilas ba ne. Wanda mai kaya ya yi cigiya, in mayar."

"To na zo cigiya," in ji ta.

Ta gaya masa a taƙaice, murmushin ya bar fuskarsa. Ya biyo ta ƙasa. Ya buɗe inda sunayen suke, ya nemo ɗaya, ya danna, ya sake kunna kwamfutar. Koren ɗigo ya dawo mazauninsa.

"Ban goge ta ba, Mama, kashewa kawai na yi. Lambar shigar ɗanki tana nan yadda ya san ta. Kuma wannan ba ta da wani nauyi, sauran ne masu laifi. Ki bar ta a kunne har abada."

Ta yi ajiyar zuciya. Har ya kai bakin ƙofa ta tsayar da shi.

"Ɗana, duba min. Jiya da take a kashe, ko wani ya nemi shigowa?"

Ya dawo, ya daɗe yana duban allo, ko da yake ya san amsar tun bai zauna ba.

"Ba za ta nuna ba. Abin da yake a kashe ba ya jin ƙwanƙwasa."

"Ke nan zai yiwu ya zo."

"Zai yiwu, Mama. Zai yiwu kuma bai zo ba."

Ɗalibai sun dawo. Aikin da kan ci mata yini yanzu kafin rana ta karkata ta gama shi, sai bencin ya zama wayam, sai lokaci ya yi mata yawa. Ba ta yi wa Auta faɗa ba, ba su kuma sake tayar da maganar ba. In babbar mota ta wuce, teburin yakan girgiza, kibiya ta ɗan matsa. Tela ya gaya mata mota ce, mai gyara ya gaya mata mota ce, ita ma ta san mota ce. Duk da haka takan janye hannuwanta ta ɗora a cinya, ta buɗe wa Injiniya farin shafi tukuna, don kada ya sha wahalar nema.