Kalmar Board da Rahoton da Na Rubuta a Kan Malamina

Akwai wata kalmar Turanci da har yau ba na son koyar da ita, ko da yake ba ta yi mini laifin komai ba. Kalmar ita ce board. Na san ta tun ina aji uku a wata firamare cikin Yola, kusa da unguwar Adarawo, inda malaminmu yakan bugi allo da tafin hannu ya faɗe ta, mu kuma mu amsa. A wurinsa ma'anarta ɗaya ce, allo. Da wannan ma'ana ɗaya na ci jarrabawa, na wuce sakandare, har na shiga jami'a.

A jami'a ne na tarar ashe kalmar tana da dangi. In ban yi kuskure ba, asalinta a tsohon Turanci katako ne, falle ɗaya. Da aka yi wa katakon ƙafafu ya zama tebur, sai sunan ya bi tebur. Daga nan ya koma kan abincin da ake ajiyewa a kai, shi ya sa makarantar da ake ciyar da ɗalibai muke ce mata bodin. Mutanen da suke zama kewaye da tebur suna yanke shawara, su ma aka kira su da shi. Gefen jirgin ruwa katako ne, don haka shiga jirgi ma ya samu sunan, ko da yake wasu masana suna ganin wannan wata kalma ce dabam da ta haɗe da ta farko. Ni ban isa in raba musu gardama ba. Abin dai ya burge ni, har na rubuta shi a bangon ƙamus ɗina.

Na dawo gida 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, lokacin Yola tana cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, aka ɗauke ni aikin duba makarantu. Ina kwana a Jimeta, in hau babur in zagaya. Tsoro ya yi mini yawa a lokacin. Ina jin tsoron a ce ga mai digiri amma bai san aiki ba, kuma ina jin tsoron in sa hannu a kan abin da ba gaskiya ba ne ɗari bisa ɗari.

A wata na biyu aka tura ni tsohuwar makarantarmu. Kafin in shiga aji, hedimasta ya ja ni gefe ya ce, “Ranka ya daɗe, Malam ɗinku saura shekara biyu ya yi ritaya. Ofis suna neman gurbi a cikin gari saboda sababbin malamai. Fatansa a bar shi ya ƙarasa a gida, ga Dada tasa, wato mahaifiyarsa, ta tsufa, ba ta gani.” Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, wannan ba zan musa ba.

Malam ya tarbe ni a bakin ƙofar aji, ya rame kaɗan, amma hular ita ce dai a karkace. Na rusuna zan gaishe shi, ya ɗago ni.

“A'a, Sufeto ba ya durƙusawa. Jiya-jiya nake share maka hanci, yau ka zo da jaka.”

“Malam, aiki ne kawai.”

“To zauna ka yi aikinka. Bencin baya, inda ka saba ɓuya.”

Darasin ya yi kyau, ba ni da shakka. Ya bugi allo da tafin hannu kamar dā, ya faɗi kalmar, ajin ya amsa. A ƙarshe ya yi abin da kowane malami yake yi wa baƙo, ya miƙa mini alli ya ce in ce wa yara wani abu. Al'adar ita ce ka yaba, ka yi tambaya mai sauƙi, ka mayar da alli. Ni kuwa na tashi na zana katako, na zana tebur, na zana jirgin fito irin na Binuwai, na jera ma'ana biyar, ta ƙarshe shiga jirgi. Na yi ta cewa “mai yiwuwa” da “a wani ƙaulin” a gaban yaran da ba su gama riƙe ta farkon ba. Malam ya ciro ɗan littafinsa daga aljihu yana kwafa. Da na gama ya ce wa ajin, “Kun gani? Ni na ba shi ɗaya, ya je ya dawo da biyar. Ku tafa masa.” Suka tafa.

Da abin ya tsaya nan, da kunyata ba ta wuce ta surutu ba.

Fom ɗin rahoto yana da wani gurbi a ƙasa, na abin da ya kamata a gyara. Na cika ko'ina da yabo, na zo wannan gurbi na tsaya. A ganina, barinsa fanko kamar cewa ne babu abin gyara ko ɗaya, kuma wane malami ne ba shi da abin gyara? Na yi kwana biyu ina rubutawa ina sokewa. A ƙarshe na rubuta layi uku, cewa malami ne mai ƙwazo, amma wataƙila, in hali ya yi, zai iya amfana da ɗan kwas, musamman wajen faɗaɗa ma'anar kalmomi, ko da yake wannan ba wani babban abu ba ne. Na ji daɗin jimlar. Na ɗauka babu wanda za ta taɓa.

Bayan mako uku babban akawun ofis, dattijo ne da ya yi aiki tun zamanin En'e, ya kira ni teburinsa. Fayil ɗin Malam yana buɗe a gabansa.

“Malam Digiri, me tsohon nan ya yi maka?”

“Ni? Shi ya koya mini karatu.”

“To kai kuma ka biya shi. Wa ya ce ka rubuta a nan ƙasa?”

Na ce fom ne ya tambaya. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Fom yana tambaya, amma ba a amsa masa. Layi ake ja. Tun Turawa suna nan haka ake yi. In sufeto ya rubuta ko kalma ɗaya a wannan gurbi, cewa yake a ɗauke mutumin.”

“Ai na ce wataƙila. Na ce ba babban abu ba ne.”

“A Maiduguri ba sa karanta wataƙila. Dubawa suke, akwai tawada ko babu.”

Na roƙe shi ya ba ni in sake. Ya ce kwafi ya tafi tun makon farko, amsa ma ta iso. An mayar da Malam wani ƙauye a hayin kogi, tafiyar yini guda, an ba wani sabon malami ajinsa. Na rubuta takardar janye maganata. Ita ma, da na sake karanta ta bayan shekaru, cike take da “mai yiwuwa”. Ba a amsa ba.

Ban san ko ya kamata in ce ban san wannan al'ada ba. Gaskiya ne ba a faɗa mini ba. Amma na ga rahotannin magabatana a cikin fayil, na ga layin da suke ja, na ɗauka lalaci ne. Tambaya ɗaya ta ishe ni, kuma ga akawun a zaune taku biyar daga teburina. Ban yi ba, don kada a ce mai digiri yana tambayar akawu.

Ranar tafiyarsa na je bakin kogi a Jimeta da hantsi. Yana tsaye da akwatin ƙarfe, tabarma, da kekensa. Iyalinsa ya bar su a Yola saboda tsohuwar. Na zo da maganar rahoton a bakina, na haddace ta a kan babur.

“Sufeto, kai kaɗai ka zo daga ofis. Useko, na gode.”

“Malam, akwai abin da…”

“Ɗaga mini keken nan tukuna, masu jirgi ba sa jira.”

Na ɗaga keke na sa a jirgi. Ya taka katakon shiga, ya juyo, ya daki aljihun da littafin yake.

“Ka ga ta biyar ɗin nan taka, yau zan gwada ta. Sauran huɗun zan kai wa yaran can.”

Ya yi dariya, ni ma na yi. Jirgi ya tashi ban faɗa ba.

Dada tasa ta rasu a daminar da ta biyo baya, saƙo bai kai gare shi ba sai bayan an binne ta. Ya ƙarasa shekarunsa biyu a can, ya dawo Adarawo. Kowace Sallah nakan je gaishe shi, ya sa a shimfiɗa mini tabarma, ya gaya wa baƙinsa cewa ni ne ɗalibinsa da ya dawo da biyar. Ko ya san abin da na rubuta, ban sani ba. Ofishinmu ba ya riƙe sirri, ina jin ya sani. Sallah goma sha ɗaya na je, kowace da niyyar faɗa, kowace in tashi in ce masa sai an jima.