Ranar da Kawu Mai Famfo Ya Faɗi

Ni da Kawu, yayan mahaifiyata, mun yarda da abu ɗaya: Kirista baƙo ne a duniyar nan, garinsa na can gaba. Wajen aiki da maganar ne muka raba hanya.

Ni na ɗauki baƙuncin da zafi. Shekara shida ina zaune a wurinsa, a hawa na uku na wani benen haya, daga ofis sai coci, daga coci sai ɗaki. Gaisuwa ma da ka nake yi, kada duniya ta shafe ni. Wannan halin na raɗa masa suna tsarki. A coci kuwa, in aka ba ni minti biyar in yi magana kan baƙunci, sai an ja mini riga nake zama.

Kawu ya yi shekara arba'in yana gyaran famfo. Shi ya yi ritaya, jakar kayan aikinsa ta ƙi yi. Mu kaɗai ne Kiristoci a benen, amma babu banɗakin da bai durƙusa a ciki ba. Famfon bakin titi da kowa ke ɗiba, babu mai kula da shi, Kawu ne ke canja masa roba. Kwata ta toshe, sai ka gan shi ya naɗe wando.

"Kawu, gidan haya ne fa," na ce masa wata rana. "Unguwar ma ba tamu ba ce."

"Ɗana, baƙon kirki ba ya ganin ruwa na zuba a gidan da aka sauke shi ya ɗauke kai. Miƙo mini sifana."

Na miƙa masa filaya.

Wata Asabar da rana na ji ƙara a kicin. Na tarar da shi a ƙasa, baki ya karkace, ɓarin jikinsa ba ya motsi. Kawu ƙato ne, ni kuwa kamar tsinken tsintsiya. Na ja, na ɗaga, ko gezau. Na fita da gudu in kira wani, na buɗe baki, sai na tarar babu sunan kowa a ciki. Ƙofa goma sha biyu, ban san mutum ɗaya ba. Tsoro ya kama ni, na kwarma ihu: "Mai famfo ya faɗi!"

Ƙofofi suka buɗe a tare. Makaniki da mai shago suka ɗora shi a kujera suka sauko da shi, direban tasi ya sauke fasinjansa a bakin titi, ya kwashe mu sai asibiti. Ni aka ba wa takalmansa.

Ya rayu, bari in faɗa tun yanzu. Likita ya ce saurin kawo shi ne ya taimaka. Amma ga abin da ya faru a ƙofar ɗakin gaggawa.

"Wane ne ɗan'uwansa?" in ji nas.

Na gyara tsayuwa. "Ni ne. Ɗaki ɗaya muke."

"Wane magani yake sha?"

Magani? Na dubi takalman.

Tsohuwar tela ta hawan ƙasa ta ratso mutane, zare na manne a zanenta. "Na hawan jini ne, 'yata, ƙwaya ɗaya da safe. Kwana huɗu ke nan da ya ƙare. Jiya ma sai da na yi masa faɗa."

Kunya ta rufe ni. Tare muke addu'a kowace safiya, ban taɓa tambayarsa abin da yake haɗiya bayan "amin" ba.

Nas ta rubuta, ta ɗago. "Mutum ɗaya ne zai shiga, wanda ya san shi. Mama, taho."